Zuwa Yamai da Maganar Maƙwabciyata

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A wurin aiki a tare ni a baranda, a gidan suna a ja ni gefe, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya tambaye ni ko gaskiya ne burodin can ya kai tsawon hannu. Na ba da labarin gutsi-gutsi har na gaji, kowa da ɓangaren da ya samu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ni malama ce a jami'a, kimiyyar siyasa nake koyarwa. Muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi da yaranmu da maigidana, wanda ke aiki a ɗakin magani na asibitin koyarwa. A shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa a sashenmu ya duƙufa rubutu a kan zaɓe da jam'iyyu. Mun daɗe bakinmu a rufe, sai ga shi an ce kowa ya yi magana. Ni ma na ɗauki 'yar rikodata na bi Darmanawa da Unguwa Uku da sauran unguwannin Tarauni, ina hira da matan da suka yi aiki a rumfunan zaɓe. Amma labarin da ya fi kowanne nauyi, a gidan da ke manne da namu na same shi, wurin Mama Saratu.

Mama Saratu tsohuwar malamar firamare ce, Kirista, 'yar asalin Filato. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma a layin muka tarar da ita. Ranar da naƙudar ɗana na fari, Sadiƙ, ta taso maigidana yana wurin aiki, ita ta riƙe ni har asibiti. Yarana Kaka suke ce mata. An ɗauke ta aikin zaɓe a wata makaranta, kuma ta gaya mini cewa bayan layi ya ragu wasu samari sun zo da wani mutum da kowa ya sani a unguwa, suka ce ta je ta sha ruwa ta huta, su za su kula mata da takardun da suka rage. Ta ce ba ta jin ƙishirwa. Ta jawo kujera ta zauna ta ɗora hannu a kan akwatin. Ba a jima da tafiyarsu ba sai ga mutanen ɗaya jam'iyyar, su ma da maganar shan ruwa. Su ma ta ba su amsar da ta ba na farko. Da na zo rubutawa ban sa sunanta ba, kamar yadda aka koya mana. Na ce wata malamar firamare mai ritaya, 'yar Filato, mazauniyar Tarauni.

Ana cikin haka aka gayyaci Hajiya Mairo taro a Yamai. Ita ce editar mujallar tsangayarmu, ta girme ni nesa, kuma ita ta koyar da ni a aji ɗaya. Taron na masu shirya mujallun ilimi ne na ƙasashen yankinmu, za a zauna a kan ƙa'idojin da ya kamata a bi kafin a buga bincike a kan zaɓe da jam'iyyu. An ce kowane edita ya zo da wani ƙaramin malami mai rubutun da ba a buga ba tukuna, a duba shi a gaban kowa. Ta ce da ni za ta. Maigidana bai yi musu ba, sai dai ya cika mini jaka da magani kamar wadda za ta buɗe kyamis. Mama Saratu ta ce yaran su riƙa wucewa wurinta in sun taso daga makaranta, ta kuma soya mana gyaɗa ta cika kwalba. Ta san maganarta na cikin abin da zan karanta. Abin da kawai ta ce shi ne in gaishe da mutanen can.

A tashar Ƙofar Ruwa muka shiga fijo ta Katsina. Hajiya Mairo ta zo da kula, da buta, da darduma, da matashin kai, direba ya yi ta ƙunƙuni yana tura su a but. Ba mu bar Dawanau ba motar ta kaure da gardamar siyasa. Wani ɗan kasuwa da ke kujerar gaba ya ji abin da za mu je yi, ya juyo ya tambaye mu wace jam'iyya ce ta aiko mu. Hajiya ta ce babu. Ya ce to wa muke rubuta wa? Ta ce duk mai son karantawa. Ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ya yi rubutu a kan siyasa ba tare da yana da ubangida ba, amma tunda mun ƙi faɗa, Allah ya kiyaye hanya. Ban ji daɗin maganar ba. Hajiya kuwa ta taɓa ni ta ce in riƙe ta da kyau, domin haka yawancin mutane ke kallonmu, kuma saboda irin wannan kallon ne aka kira taron.

A Jibiya muka canza mota. Da muka isa kan iyaka aka ce kowa ya fito da katin rigakafi. Nawa yana hannu. Na Hajiya kuwa a jakar kula ta saka shi, miya ta tsiyaye a hanya ta jiƙa shi sharkaf. Jami'in Nijar ɗin ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya duba gaba ya duba baya, ya shinshina, ya ce hatimin bai ganuwa amma miyar ta ji daddawa. Hajiya ta buɗe kular ta ce ya ɗanɗana ya tabbatar. Bai ci ba, amma ya buga mana hatimi yana murmushi.

A nan ne kuma muka fara cin karo da Hausarsu. Wani saurayi ya hango wani dattijo mai tsabta cikin fasinjojinmu, ya rugo ya durƙusa yana cewa, “Mushe, ina wuni?” Hajiya ta dafe ƙirji ta ce subhanallahi, bawan Allah da ransa da lafiyarsa a ce masa mushe? Dattijon ya yi dariya har da hawaye. Ashe haka suke kiran malamin makaranta, kalmar daga Faransanci ta samo asali, kuma girmamawa ce. Har muka isa Maraɗi yana tsokanar Hajiya cewa ita ma da namiji ce, da babbar mushe ce.

A Maraɗi muka kwana, a wani ƙaramin masauki kusa da tasha. Matar da ke kula da wurin ta ga mun gaji, ta dama mana fura, wadda su ke cewa hura, mai kauri da nono mai yawa, ta zauna tana tambayarmu labarin Kano. Ta ce su ma ba su daɗe da fita daga hannun soja ba, kuma tana roƙon Allah wannan karon abin ya zauna. Na lura in ta zo maganar gwamnati sai ta rage murya, alhali daga mu sai ita a tsakar gidan. Haka mahaifiyata take yi har yau. Da safe aka kawo burodin nan dogo, mai tauri a baya, laushi a ciki. Hajiya ta gwada shi da haƙori ta ajiye, ta ce sai an jiƙa shi a shayi tukuna za su sasanta.

Hanyar Yamai doguwa ce. Mun wuce wani gari da ya yi suna da albasa, mun wuce Ƙonni, shingen jandarmomi kuwa ba a magana, igiya ce da ganguna, a sauka a nuna takarda a koma. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda kowa ke sauka a bi layi ba hayaniya. A wurinmu da tuni wani ya fara tambayar jami'in ko ya san shi wane ne. Bayan Dogon Dutsi tayarmu ta fashe a gefen wani ƙauye. Muna zaune ƙarƙashin bishiya sai ga mata sun fito da ruwa a ƙwarya, ba wanda ya roƙe su. Na fito da gyaɗar Mama Saratu muka ci tare, suna yaba suyar.

A Yamai an sauke mu a masaukin baƙi na wata makaranta, ɗaki ɗaya ni da Hajiya. Can da rana ta take komai yake tsayawa, ofis da kanti a rufe, kowa ya tafi gida ya kwanta sai rana ta yi sanyi. Ranar farko mun fita neman sabulu a daidai lokacin, muka yi ta yawo a titi mu kaɗai kamar waɗanda aka kora. A zauren taro kuma an ba kowa abin sawa a kunne don jin fassara. Hajiya ta murɗa nata ba daidai ba, ta yi zaman safe cur tana sauraron Faransanci tana gyaɗa kai. Da na tambaye ta me ta fahimta, ta ce ba ta ji ko kalma ba, amma mutumin da alama yana da gaskiya.

An yi gardama sosai a taron, irin wadda nake so. Wani edita daga Gana ya ce duk malamin da ke da katin jam'iyya kada a ba shi rubutun wani ya duba, domin zai danne abin da ya taɓa jam'iyyarsa. Wani Basanagale ya ce in aka bi wannan, a jami'arsu ba mai duba rubutun kowa. Aka tsaya a kan cewa mutum ya faɗi inda ya jingina tun farko, edita ya san wanda zai ba. Wani daga Kwatano ya ba da labarin yadda wata jam'iyya ta ce za ta ɗauki nauyin buga mujallarsu, ba ta neman komai, sai dai a nuna mata abin da ke ciki kafin a kai maɗaba'a. Sun ƙi, mujallar ta yi shekara ba ta fito ba. Hajiya Mairo ta tashi ta yi magana a kan manyan malamai masu liƙa sunansu a aikin ɗalibansu, da masu rubuta cewa an yi maguɗi a wuri kaza alhali a teburin mai shayi suka ji. Wasu a zauren suka koma kallon takalmansu.

Ranar da na karanta nawa, an yaba. An ce na kawo abin da jam'iyyu biyu suka yi ban rufa wa ɗaya ba, kuma na ɓoye sunayen matan. Na fito ina jin daɗi. A wurin shan shayi wata malama ta matso kusa da ni. Sunanta Ramatu, tana koyarwa a jami'ar can, Bahaushiya ce ta wajen Dogon Dutsi, kuma ita ke taimaka mana da fassara in mun fita gari. Ta riƙe hannuna, ta yi maganar a hankali yadda ba mai ji sai ni.

“'Yar'uwa, a unguwarku malaman firamare mata masu ritaya 'yan Filato, waɗanda suka yi aikin zaɓe, su nawa ne?”

Ba ta jira amsa ba. Ta ce gobe in an tashi hutun rana mu zo gidansu mu ci abinci, tana son mu gaisa da mahaifinta.

Gidan nasu ƙarami ne, a wata unguwa kusa da kogi. An yi mana dambu da zogale, ga kifi, ga zoɓo mai sanyi. Mahaifin, Baba Isufu, tsoho ne siriri mai ɗingishi, tela ne a da. Ya tarbe mu kamar ya san mu, ya ce ya taɓa zuwa Kano sayen zare a kasuwar Kwari yana saurayi, har yau bai manta cunkoson ba. Bayan mun ci, Ramatu ta ce masa ya ba ni labarin Baturen nan.

Ya ce a zamanin da yake garinsu, shi ke tara wa wata jam'iyya mutane, a shagonsa ake zama. Wani mai bincike daga Turai ya zo ya yi watanni a garin, kullum yana shagon, suna ci tare suna sha tare, har ya koyi taka keken ɗinki. Baba Isufu ya saki jiki ya gaya masa komai, wa ke tare da su a ɓoye, wane basarake ne ke cin tudu biyu. Mutumin ya koma ƙasarsu ya buga littafi. Bai sa sunansa ba, ya dai ce wani tela mai ɗingishi da ke kusa da babban masallaci. Da mulki ya juya, waɗanda suka zo ɗaukarsa ba su ko yi tambaya a hanya ba. Ramatu tana ƙarama lokacin. Bai faɗi abin da aka yi masa a inda aka kai shi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya ce dai da ya dawo idonsa ba ya iya zura zare a allura.

Hajiya Mairo ta tambaye shi ko yana riƙe da mutumin a zuciya. Ya girgiza kai.

“Mutumin kirki ne, Hajiya. Kuma bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba, duk abin da ya rubuta haka na faɗa. Da ya karanta mini kafin ya buga, da na ce masa ya cire ƙafar nan da masallacin, shi ke nan. Shi ya hau jirgi ya tafi, ni kuwa a garin nake kwana.”

Ramatu tana tsaye a bayansa tana gyara masa hula. Ta ce saboda shi ta shiga wannan aikin, kuma duk ɗalibin da ya zo mata da hira, sai ta tura shi ya koma ya karanta wa mai maganar da harshensa kafin ta sa hannu. Kashegari Hajiya ta kawo wannan a zaure, aka yi ta ja, wasu na cewa hakan zai ba mutane damar janye gaskiya. Daga ƙarshe aka karɓa, da sharaɗin cewa mai magana yana da iko a kan abin da zai tona shi, ba a kan abin da binciken ya gano ba.

Da za mu taho Ramatu ta raka mu tasha da ƙullin kilishi. Baba Isufu, wanda Ramatu ta ba labarin rubutuna, ya aiko a ce mini in gaishe da malamar da ta ƙi shan ruwa. Hanyar dawowa ban ga komai a cikinta ba. Ina ta tuna cewa mutumin nan da ya zo da samari rumfar zaɓe, ta ƙofar Mama Saratu yake wucewa kullum, kuma yanzu yana da muƙami a ƙaramar hukuma. Ɗanta kuma yana da shagon gyaran rediyo a Unguwa Uku, a rumfar da hukumar ce ke bayarwa. Soja sun tafi, gaskiya ne, amma ba sai soja ne ke iya hana mutum sakat ba.

Kashegarin isowarmu da la'asar na shiga gidan Mama Saratu da takardun. Na tarar tana ɓarar agushi a tsakar gida. Na kai mata gaisuwar Baba Isufu, na ba ta labarinsa, sannan na ce zan karanta mata wurin da ya shafe ta. Ta ce ai tana jin Turanci. Na ce na sani, amma da Hausa ta gaya mini, da Hausa nake so ta ji. Na karanta ina fassarawa, tana ɓara tana saurare. Da na zo kan malamar firamare mai ritaya 'yar Filato, hannunta ya tsaya.

“Maman Sadiƙ, ai wannan ko akuyar layin nan ta ji ta san ni ce.”

Na ce shi ya sa na zo. Na ce in tana so in cire labarin gaba ɗaya zan cire, rubutun zai tsaya ko babu shi, kuma ba abin da zai canza tsakanina da ita. Ta ce ba don kanta take tunani ba, ita ta tsufa, don ɗanta ne da shagonsa. Amma kuma ta ce a cire ba zai yiwu ba. Ta yi shekaru tana gaya wa yara a aji cewa kada su saci amsa, ba za ta zo ta ga manya suna yi ta ce ba ta gani ba.

Sai muka zauna muka bi shi layi-layi. Aka cire Filato. Aka cire ritaya, aka cire firamare. Tarauni ta koma wata unguwa a Kano. Ta ce a cire makarantar ma, domin rumfar da ke cikin makaranta a mazaɓarmu sananniya ce. Maganar shan ruwa da zama a kan akwati kuwa ta ce ko wasali kada in taɓa, kuma in tabbatar na bar jam'iyyun duka biyu. Da na sake karantawa ta yi dariya ta ce na share ta tas, saura wata mata kawai. Na ce a ƙa'ida ana iya sa sunan aro, kuma ita ya kamata ta zaɓa.

Ta ture tiren agushin gefe. Ta ce sunan mahaifiyarta Talatu. A ƙauyensu ta rayu ta rasu, tun kafin a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a. Ta ce tana tuna wata ranar zaɓe tana yarinya, maza sun yi layi a rana, uwar ta yi ta ɗebo musu ruwa daga rafi tana kaiwa, ta tsaya daga nesa tana leƙen abin da ake yi a cikin rumfar.

“Sa Talatu,” in ji ta. “Talatu sun yi yawa a duniya. Ba mai ganewa sai ni da ke.”

Mujallar ta ɗauki lokaci kafin ta fito, kamar yadda ta saba. Ranar da Hajiya Mairo ta ba ni nawa, ban shiga gida ba sai da na biya ta wurin Mama Saratu. Ta goge hannu a zani, ta sa tabarau, na buɗe mata shafin. Ta bi layin da yatsa har ta kai kan sunan, ta tsaya a nan. Ina tsaye ina jira ta ci gaba, ba ta ci gaba ba.

“To, Mama,” ta ce a hankali, ba da ni take ba, “yau ke ma kin shiga rumfar.”